Kafanchan da Ƙagaggun Labaran Hausa: Ina Maƙwabci Ya Shiga?

Abubuwa biyu sun auku a cikin shekarar 1933 waɗanda manazarta ba su saba ambatonsu tare ba. A Zariya, Rupert East ya tashi haiƙan yana zuga malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, yunƙurin da ya haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A can kudu kuwa, a wannan shekarar ce Sarkin Jama'a ya taso daga tsohon mazauninsa ya dawo da fadarsa Kafanchan, garin da hanyar jirgin ƙasa ta raya 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Ke nan ƙagaggen labarin Hausa da garin Kafanchan na zamani kusan tsara ɗaya ne. Sun girma a ƙasa ɗaya, da harshe ɗaya suke magana, amma har yau ba su yi wata gaisuwar kirki ba. Wannan rashin gaisawa shi ne abin da wannan sharhi zai duba, domin a ganina ba ƙaramar asara ba ce ga adabin, ba kuma ƙaramar asara ba ce ga garin.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin garin da ake magana a kansa. Wajen 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya sadu da Kaduna ta nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Wurin da layukan suka haɗu ƙasar Fantswam ce, mutanen da sunansu ne ya rikiɗe a bakin baƙi ya zama Kafanchan. Jirgi ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa: Ibo da Yarabawa da Nufawa da Tibi da Idoma, ga Hausawa da Fulani waɗanda masarautar Jama'a ta riga ta zaunar a yankin tun farkon ƙarni na 19, ga kuma 'yan ƙasa da ke kewaye, wato Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Nikyob da Gwong da Ninzo da sauransu. Wanda ya san su da sunayen Kaje da Katab da Jaba da Kagoro da Kaninkon da Kagoma, to ya san su ne da sunayen da wasu suka raɗa musu, kuma wannan ma kansa wani babi ne na labarin. Jirgi ya daina zirga-zirga irin ta da, amma taron da ya tara bai watse ba.

Duk wanda ya san garin ya san daɗinsa a cakuɗar take. Bafillatana na tallar nono da man shanu a garin da ake cin babbar kasuwar aladu ta Katsit ran Alhamis, kowa na harkarsa. Buhunan citta na shigowa daga ƙasar Jaba da Kaciya su faɗa hannun dillalai Hausawa, su ɗora wa direbobin da za su kai su kudu. Ana cin faten acca da doya da tuwon masara, ana shan kunu, wasu na shan burkutu. Ran 1 ga Janairu jama'a kan ɗunguma zuwa Kagoro kallon bikin Afan a gindin duwatsu, matasa kuma kan tafi shan iska magangarar ruwan Matsirga. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, kusan duk wannan hada-hada da Hausa ake yin ta. Da ita Bajju ke ciniki da Ham, domin harsunansu ba ɗaya ba ne. Da ita ake wa'azi a masallaci, da ita kuma ake wa'azi a majami'u da yawa, tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932 kuma 'yan mishan suka riƙe ta a matsayin harshen bishara a Kwoi da Kagoro da sauran tashoshinsu. Matan Zumunta da Hausa suke rera waƙoƙinsu suna kaɗa tulu. Iyaye Kirista na raɗa wa 'ya'yansu Godiya da Alheri da Murna da Ɗanladi da Talatu. Har wasu kalmomin sun sami sabuwar ma'ana a can: baiko, wanda a Kano sa ranar aure ne, a majami'a sadakar da ake tarawa ce, sujada kuma ita ce ibadar Lahadi gaba ɗayanta.

To, tambayar ita ce, wannan Bajju ɗin da ke mafarki da Hausa, da wannan Ba'iben da aka haifa a kwatas ɗin reluwe yana zuba karin magana kamar jikan Bagauda, a ina suke a cikin ƙagaggun labaranmu? Idan aka bi sawu za a tarar wanda ba Bahaushe Musulmi ba yakan shigo labarin Hausa ne cikin ɗayan riguna uku: ko abin farauta, ko abin dariya, ko abin tsoro. Rigar maƙwabci ce ba a cika ɗinka masa ba.

Riga ta farko a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa aka fi ganin ta, kuma na zaɓe shi ne don shi ne mafi tausayi a cikin littattafan farko. Babu wani littafin Hausa da ya nuna zafin bauta kamarsa. Mai karatu na bin mahaifiyar Umar tana neman ɗanta, ana yaudarar ta, ana sayar da ita, ana tsallaka Sahara da ita, har sai hawaye ya zo masa. Amma a tuna yadda labarin ya tashi. Makau, mijin uwar Umar, ya bi harin da sarki ya aika ƙasar Gwari, aka kamo bayi, 'yan uwansa fadawa suka ƙulla masa sharrin ya ɓoye wasu, aka kore shi daga gari. Musibar da littafin ya nuna mana a wannan wuri ita ce ta Makau da aka yi wa ƙazafi. Gwarawan da aka auka wa a gonakinsu kuwa, ba mu ji sunan ko ɗaya ba, ba mu ji abin da uwa ta ce da aka fizge mata ɗa ba. Lissafi kawai suke, kamar awaki. Wato littafin ya san bauta mugun abu ce idan ta faɗa kan 'ya Musulma, amma idonsa bai tsaya kan waɗanda aka saba kamowa ba. Ban ce marubucin ya yi ƙarya ba; ya ba da labarin ne ta bakin Shaihu Umar, kuma haka mutumin wancan zamani zai ba da shi. Sai dai a yi tunanin ɗalibin sakandare a Kafanchan ko Zonkwa da aka ba wannan littafi ya karanta don jarrabawa. Shi ya san daga gida cewa masarautar Jama'a ta kasance tana kai wa Zazzau gaisuwa, kuma akwai bayi a cikin gaisuwar, ya kuma san dalilin da ya sa kakanninsa suka hau duwatsu. A wane gefen labarin zai ga kansa? Ba mu da littafin Hausa sananne da za mu miƙa masa mu ce ga ɗaya gefen.

Riga ta biyu ta fi yawa, ta kuma fi wuyar kamawa domin da raha take zuwa. Harshen kansa ya tanadi kayan aikin: maganar da ba a fahimta ita ce gwaranci, bayani dalla-dalla irin wanda ake yi wa mai nauyin kai shi ne gwari-gwari. A wasannin kwaikwayo na dandali da finafinan barkwanci na Kano an daɗe ana fito da Bagwari ko Ba'ibo ko Bayarabe don kawai ya karya Hausa a yi dariya, ya ce wa mace "ya zo", ya mai da ƙ ta koma k. Wani zai ce ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji wasan ƙabila: Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Gaskiya ne, amma wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sharaɗin wasan barkwanci na gargajiya shi ne ramuwa. In Bagobiri ya tsokani Bayarabe, Bayaraben na tsaye a gabansa, zai mayar masa da wadda ta fi zafi, a tashi ana dariya babu wanda ya ci wani. A takarda da majigi kuwa marubuci ne ke riƙe da bakin kowa. In ya hana abokin wasan ramawa, abin ya tashi daga wasa ya koma ba'a.

A nan ne ya kamata a yaba wa Samanja Mazan Fama, wasan da marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shahara da shi a rediyo da talabijin na Kaduna. Shi Banufe ne, ya kuma yi aikin soja, saboda haka Hausar bariki da yake yi daga cikin gida ya ɗauko ta. Abin lura shi ne, a wannan wasa mai karyayyar Hausar shi ne mai iko. Shi ke ba da oda, shi ke yanke hukunci, shi ke da gida da iyali da matsalolinsu. Mai kallo na dariyar yadda yake magana, amma yana tare da shi, yana so ya ga ya fita daga rigimar da ya shiga. Bariki kuwa ƙaramar Kafanchan ce, inda kowa baƙo ne kuma dole a zauna tare. Haka nan waƙoƙin Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru, garin kuza: da ya waiwayi karen mota da sauran talakawan tasha, bai tsaya tambayar asalinsu ba, wahalar sana'arsu ya gani. Abin mamaki ne a ce kuntigi da akwatin talabijin sun riga alƙalami shiga irin wannan gari.

Riga ta uku ita ce ta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982. Wannan littafi ya yi ƙarfin halin da ba a saba gani ba, domin ya ɗauki Bamaguje, Mailoma, ya mai da shi tauraro, ya kewaye shi da mutane iri-iri, har da waɗanda yaƙin basasa ya koya wa riƙon bindiga. A cikinsa ana jin Nijeriya sosai, da hayaniyarta da cakuɗarta. Amma me ya tara wannan taro? Ta'addanci da neman duniya ta kowace hanya. Ƙabilu sun haɗu, sai dai a ƙungiyar 'yan fashi suka haɗu. Mai karatu zai rufe littafin da jin cewa duk inda aka cakuɗa, aka bar inuwar gari mai ganuwa da liman da sarki, to ɓarna ce za ta biyo baya. Wannan tunani ya yi jijiya a adabinmu, kalmar bariki ma kanta ta ɗauke shi: ɗan bariki da 'yar bariki ba yabo ba ne. Garin jirgi irin Kafanchan kuwa, a wannan ma'auni, bariki ne tun daga tushe, saboda haka marubuci ba ya tunanin zuwa can neman mutanen kirki.

Ba a rasa masu leƙa waje ba. Jiki Magayi da hannun John Tafida aka rubuta shi, Bahaushe Kirista na Wusasa, abin da ke nuna tun ranar farko ƙofar a buɗe take, ko da yake labarin kansa bai taɓo wannan batu ba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, na 1980, ya aurar da Bafillatana Boɗaɗo ga Yasir, wanda jininsa na Larabawa ne, duk da ƙin danginta. To amma addini ɗaya ya haɗa su, saboda haka kogin da aka tsallaka bai kai zurfin wanda ke tsakanin unguwa da unguwa a Kafanchan ba. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, sun tono matsalolin cikin gida da babu wanda ya tono kafinsu, auren dole da kishi da wulaƙancin maza, kuma ba zan rage musu wannan daraja ba. Sai dai duniyarsu ta Kano ce da Kaduna da Abuja, wani lokaci a tsallaka Landan ko Dubai, kuma ya fi sauƙi tauraruwa ta je Ingila karatu da a ce ta shiga gidan maƙwabciyarta Kirista ta karɓo gishiri. In an sako wadda ba Musulma ba, sau da yawa ana ajiye ta ne har ranar da za ta musulunta a yi biki, kamar dai ba ta cika mutum ba sai a wannan rana. Daga baya-bayan nan wasan Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ya yi abin a zo a gani da ya zaunar da Stephanie da iyalinta Kirista a tsakiyar unguwa a matsayin 'yan gari masu nasu rabon daɗi da wuya. Nan ma dai majigi ne ya yi, ba littafi ba.

Da yake Hausa ta bar wannan fili, Ingilishi ne ya shige shi. Cyprian Ekwensi, Ba'iben da aka haifa a Minna, ya rubuta Iska a 1966, ya ba littafin suna da Hausa, ya haɗa Filia, 'yar Ibo da ta tashi a Arewa, da saurayinta ɗan Arewa Dan Kaybi, a daidai shekarar da aka yi kashe-kashen da suka sa dubban Ibo suka bi wannan layin dogo na Kafanchan suka koma gabas. A 2015 Elnathan John, wanda asalinsa Kudancin Kaduna ne, ya fitar da Born on a Tuesday, ya shiga zuciyar almajiri ya ba da labari ta bakinsa. A shekarar kuma Abubakar Adam Ibrahim ya fitar da Season of Crimson Blossoms, wanda tauraruwarsa ke ɗauke da tabon rikicin Jos. A dubi abin da Elnathan John ya yi da kyau, domin shi ne ainihin abin da nake nema ta ɗaya ɓangaren: mutumin da ya fito daga gidan Kirista ya zauna ya yi tunanin yadda almajiri ke ji a ransa, har mai karatu ya so yaron. Wane marubucin Hausa ne ya rama wannan ziyara, ya shiga zuciyar 'yar Zumunta ko ɗan Atyap mai noman citta? Ga kuma wani abin takaici: taurarin waɗannan littattafai da Hausa suke magana a rayuwarsu, marubutan ne ke juya zancen zuwa Ingilishi, saboda haka mai shayi da mai kayan miya da labarin ya shafa ba za su karanta ba. Bugu da ƙari, kasuwar littattafan Ingilishi ta fi son jin Arewa a ranar tashin hankali. Ranakun da ba a yi faɗa ba, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, babu mai ba da labarinsu ko da wane harshe.

Kada a ɗauka ina kira ne a rubuta labarin zaman lafiya irin na sanarwar gwamnati, inda liman da fasto za su rungumi juna a shafi na ƙarshe. Kafanchan ba za ta yarda da wannan ƙarya ba. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta garin kan wa'azin da aka yi a taron ɗalibai Kirista, ta fantsama cikin gari, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi ta Zangon Katab, wadda ta faro daga batun tayar da kasuwa. A 1999 aka yi rikici kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka yi mummunan kisa a Zonkwa da kewaye, daga nan kuma unguwanni suka ƙara rabewa bisa addini. Ƙauyukan yankin sun sha hare-hare a shekarun da suka biyo baya. A ƙarƙashin duk wannan akwai tsohuwar gardamar waye mai ƙasa, waye mai sarauta, wadda ƙirƙiro masarautun Bajju da Atyap a 1995 da ta Fantswam da wasu a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi ta rage mata zafi amma ba ta kashe ta ba. Marubucin da zai shiga wannan gari dole ya shiga da idonsa biyu.

Amma fa wannan nauyin shi ne ya sa garin ya dace da ƙagaggen labari. Daɗin zama da mutanen da ba ku da wani tarihi da su abu ne mai arha. Daɗin da ake ji a Kafanchan mai tsada ne, domin mutanen da ke aika wa juna naman Salla da shinkafar Kirsimeti sun san abin da ya faru, wani lokaci ma sun san wanda ya yi. Matar da ta koma sayen nama wurin mahaucin da ta daina gaisarwa shekara biyu, dillalin cittar da ya bi manomi har gida ya yi masa jaje a 2023 da cuta ta cinye gonakin citta, alhali bashinsa na kan manomin, tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke zaune kan benci ɗaya suna jiran fansho, kowa da salon Hausarsa: a irin waɗannan wurare ne jigo yake kwance. A Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, wato Jama'a da Kaura da Zangon Katab da Sanga da Kaciya, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Takardar ta rubuta abin da shugabanni suka amince da shi. Yadda mutum ke iya haɗiye abin da ke ransa ya ce wa maƙwabci "ina kwana" washegari, wannan ba aikin takardar yarjejeniya ba ne, aikin mai ba da labari ne.

Na san littafi bai taɓa tare wanda ya ɗauko galan ɗin fetur ba, kuma duk matarkin da ya yi wa adabi wannan alkawari ya yi masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Duk da haka a tuna cewa yawancin waɗanda suka fito kan titi a Funtuwa da Zariya a 1987 ba su taɓa taka Kafanchan ba. Sunan garin kawai suka ji, da jita-jitar da ta zo da shi. Ba su da hoton ko mutum ɗaya na can a zuciyarsu da zai sa su yi jim. Har yau in ka ambaci Kafanchan ga matashi mai karanta littattafan Hausa a Kano ko Gusau, abin da zai fara zuwa masa shi ne rikici, kamar yadda takwaransa na Kwoi in ya ji an ce Bahaushe zai fara tuno mahari ko mai mulki. Inda labari bai je ba, jita-jita ce ke kwana.

Akwai kuma asarar da harshen kansa ke yi. Matasa da yawa a Kudancin Kaduna sun fara kallon Hausa a matsayin harshen da ya danne nasu, suna komawa ga Tyap da Jju da Hyam, suna rubuta su, har harshen Tyap ya sami nasa kundin Wikipedia a 2022. Wannan haƙƙinsu ne, kuma duk mai kishin Hausa da ya san zafin da ya ji da Ingilishi ya danne tasa bai kamata ya ga laifinsu ba. Sai dai mu tambayi kanmu, me adabin Hausa ya ba su da zai sa su ji nasu ne? Shekara casa'in suna magana da harshen, suna addu'a da shi, suna binne matattunsu da shi, amma in sun buɗe littafinsa ba sa ganin fuskarsu sai a ɗayan rigunan nan uku. Su ma dai marubutan yankin ba su kuɓuta daga zargi ba. Wanda ya iya tsara waƙar majami'a da Hausa mai ratsa jiki zai iya tsara labari da ita, kuma jiran sai Kano ta ba da izini ba hujja ba ce. Hausar da aka yi shekaru ana raino a Kagoro da Zonkwa ta zama tasu kamar yadda Ingilishin Achebe ya zama nasa.

Wanda duk ya ɗauki wannan aiki, daga kowane ɓangare ya fito, zai ci karo da wata matsala ta salo tun a shafin farko, wato yadda zai rubuta maganar taurarinsa. Hausar Kafanchan ba ta cika bambanta namiji da mace a wakilin suna ba, "ne" kan maye gurbin "ce", haruffa masu ƙugiya kan saki ƙugiyarsu, kalmomin Ingilishi da na harsunan gida kan shigo ba sallama. In marubuci ya gyara wannan duka ya mai da ita daidaitacciyar Hausa, ya kashe garin, kowa ya koma Bakano. In kuma ya kwaikwaye ta harafi da harafi, mai karatun da aka saba wa dariya zai fara dariya tun kafin ya ji abin da ake faɗa, ko da kuwa uwa ce ke kukan ɗanta. Mafita a ganina ita ce marubuci ya riƙe daidaitacciyar ƙa'idar rubutu a haruffa, ya bar ƙugiya inda take, amma ya saki ginin jumla da zaɓen kalmomi su bi bakin mai magana, ya kuma tabbata a karon farko da mai karatu zai ji wannan murya, magana mai nauyi take faɗa wadda ba ta bar wurin dariya ba. Masu tace rubutu a mujallu irin wannan su ma sai sun sassauta jan birorinsu, domin in Talatu 'yar Takau ta ce wa ƙawarta "yarinyan nan ya dawo", ba kuskuren ɗalibi ba ne da za a zagaye, haka Talatu ke magana.